Wanzamin Azare a Ƙasar da Gwamnati Ke Aski

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya zauna a tabarmata, ƙarƙashin dalbejiyar nan ta bakin kasuwar Azare, kafin in jiƙa masa kai sai ya ce, "Sale, wai da gaske ne har Gana ka je da zabira?" Wasu don su ji labari suke tambaya, wasu kuwa don su yi dariya, na san su sarai. To, yau zan faɗa sau ɗaya, daga fari har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, wallahi rabin kai zan aske masa in tashi in tafi masallaci.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya Habu da ni. Shi ya bar garinmu Chinade tun ina yaro, ya bi motar goro ya yi kudu, har ya yada zango a Ankara, babban birnin Gana. Can ya yi tuƙin babbar mota har bayansa ya ƙi. Rabonsa da gida tun rasuwar mahaifinmu. Kullum maganarsa a waya ɗaya ce: ya ajiye abin da ya tara a wuri mai aminci, da zarar lokaci ya yi zai kwaso ya dawo, ya rushe ɗakin Inna ya gina mata na siminti. Inna kuwa ta tsufa, ido ya tafi, sai kunne. Ba ɗaki take nema ba, ɗanta take so ta taɓa kafin ta koma ga Allah.

Wata Juma'a na je Chinade gaishe ta, na kira mata shi. Layin yana ta yankewa, amma na ji abin da ya ce da kunnena. "Sale, ka ba Inna haƙuri, bana ma ba zan samu zuwa ba. Aski ake yi mana a nan. Gwamnati ce da kanta take yi, kowa da kowa. Mu tsofaffi kullum muna can ƙofar ma'aikatar kuɗi tun safe..." Nan katina ya ƙare.

Inna ta ce, "Aski ne zai hana shi zuwa? Kai ba wanzami ba ne? Tashi ka je. Kuma kada ka dawo min da saƙo, saƙo na sha shi na ƙoshi. Shi nake so."

Na kawo maganar majalisarmu ta bayan La'asar. Malam Bukar, tsohon hedimasta, wanda rediyo ba ya rabuwa da kunnensa, shi ne mai fassara mana duniya. Ya gyara gilashi ya ce ai abin a fili yake. Gana ta ci bashin ƙasashen waje ta kasa biya, masu ba da bashi kuwa ba sa sassauci sai da sharaɗi. "Mu nan sun ce a cire tallafi. Can ke nan sun ce a cire gashi. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Aka yi ta salati. Ni na fi kowa zafi a irin wannan hira, kullum ina buga ƙafa ina cewa a yafe wa ƙasashen talakawa bashi, ni da ban taɓa ba kowa rancen da ya wuce na sabulu ba.

Amma ranar, gaskiya, ba tausayin Gana ne ya fara zo min ba. Lissafi na yi. Tun da aka ce mu tsuke bakin aljihu, mai aski duk Juma'a ya koma sai Sallah. Suna kuwa da dabino ake yi, kason naman wanzami ya zama tarihi. Ga ƙasa guda kuma ana layin aski, har a ƙofar ma'aikatar kuɗi, wato a nan take ake biya! Na sayar da ragon da nake kiwo, na wasa asake, na zuba su a zabira tare da ƙaho da sabulu. Na ce zan ɗauko Yaya, hanya kuma ta biya kanta.

Daga Azare zuwa Kano mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Direban yana kashe mota duk inda ya hango gangara, alhali hanyarmu ba ta da wata gangarar kirki, sai dai niyya. Da muka yi ƙorafi ya ce wanda ya san kuɗin lita ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ƙara tankawa har Wudil.

A babbar motar Legas Allah ya haɗa ni da Hajiya Yagana, 'yar kasuwar atamfa, asalinsu Yobe, mace mai faɗin jiki da faɗin baki, wadda ta san hanyar nan har Lome. Da na ba ta labarin kwangilar askin, ta dube ni ta dubi zabira ta ce, "Ni dai ban ji ba, amma zamanin nan in an ce min an sa wa numfashi haraji ba zan musa ba." Ita ta koya min dokar iyaka: kada ka yi musu, kada ka yi Turanci ko da ka iya, kada kuma ka gaisa da mai kaki hannu wofi.

A iyakar farko na canza kuɗi. Na miƙa damin naira mai cika aljihu, aka miƙo min 'yan takardun sefa da ko a hula za su ɓata. Na tsaya ina jiran ciko. Mai canjin ya ce, "Malam, matsa, akwai mutane a bayanka." Ban gama jinyar wannan ba wani mai kaki ya zazzage zabirata a kan tebur. Da ya ga asake a jere sai ya ja da baya yana ihu da Faransanci, abokansa suka taru. Ƙahon ne ya fi ɗaure musu kai, wani har ya busa shi. Hajiya Yagana ta yi musu bayani, babbansu ya ce bai yarda ba sai ya ga shaida. Ya cire hula ya zauna. Na yi masa ƙwal kwabo, na gyara masa fuska, ya dubi madubi ya yi murmushi, sannan ya zaɓi askar da ta fi kyau ya jefa a aljihu, wai ta zama abin nuni. Haka aka yi min a kowace iyaka. In yi aski kyauta, a kuma rage min aska.

A Kwatano 'yan acaɓa duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, fetur kuwa a kwalabe yake a bakin titi, mata ke sayarwa. Wanda ya ɗauke mu ya tsaya shan mai, mai sayarwar ta ji daga Najeriya muke, ta hau mu da faɗa. Hajiya ta fassara min: wai mun cire tallafinmu ba mu shawarce su ba, yanzu ga shi su ma suna shan wuya. Na ce a ba ta haƙuri, mu ma a rediyo muka ji. A Lome muka kwana gidan wani mai masauki a zango, aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, sai da na jiƙa shi a shayi na samu ya yi biyayya. Nan na rabu da Hajiya. Ta ce in na samu kwangilar kada in manta da wadda ta fishe ni hannun masu kaki.

Na shiga Ankara da hantsi, da aska ɗaya tak. Unguwar Nima na nufa, inda Hausawa suke. Hausarsu daɗi gare ta, sai dai ba mace a cikinta. Wani ya nuna min matarsa ya ce, "Shi ne zai kai ka gidan," na yi ta waige-waige ina neman namijin. Matar ta kai ni ƙofar ɗakin Yaya, muka tarar da kwaɗo. Ta ce ai Baba Habu ya tafi ma'aikatar kuɗi tun safe, wurin masu aski. Zuciyata ta yi fari fat. Ko ruwa ban sha ba na faɗa ƙaramar bas.

Abin da na tarar ya wuce yadda na zata. Tsofaffi ne maza da mata, cike da kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, kowa ya ɗaura jan ƙyalle a kai ko a hannu, wasu riƙe da kwalaye masu rubutu. Ni ba Turanci nake karantawa ba, na ɗauka lambar layi ce. Na duba gabas na duba yamma, ba wanzami ko ɗaya. Abin da ya ɗan dame ni, da yawansu masu sanƙo ne, amma na ce gwamnati ta san abin da take biya. Na shimfiɗa tabarma, na zuba ruwa a kwano, na kaɗa sabulu, na fara wasa aska a tafin hannu. Sannan na ɗaga murya irin ta kasuwar Azare: "Aski! Ga aski! Wa ke kan layi?"

Wani dogon dattijo mai sandar ƙarfe ya matso. Daga baya na san sunansa Baba Mensa, tsohon soja, a bariki ya koyi Hausa. Ya ce, "Kai, me ka ce?" Na ce aski, ranka ya daɗe, na ji gwamnati na yi muku, na zo in taimaka a rage layi. Ya juya ya faɗa wa jama'a da yarensu.

Jama'a, ban taɓa sanin tsofaffi na da gudu haka ba! Wata tsohuwa ta sauke min lema a gadon baya, wani ya yi ƙwallo da kwanon sabulu, ana ta ihu wai gwamnati ce ta turo ni in yi musu izgili. Na rungume zabira ina "Don Allah! Don Annabi!" Ina cikin kare kai sai na ji murya a bayana, da Hausar gidanmu tsantsa: "Sale? Kai, Sale, uban me ya kawo ka nan?" Na waiwaya. Wani tsoho ne siriri, da jan ƙyalle a goshi, gemu duk furfura. Da ba don muryar ba da ban gane yayana ba, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Shi ya raba ni da su. Da ya yi musu bayani, wurin ya kaure da dariya, har tsohuwar mai lema tana share hawaye tana shafa min baya inda ta doka.

A ɗakinsa, muna cin shinkafa da wake da wani baƙin yaji da ya sa ni kuka na biyu a ranar, Yaya ya warware min. Baba Mensa ma ya biyo mu, wai yana so ya ga ƙarshen wannan abin al'ajabi. Ashe a Turancin masu kuɗi, in kana bin mutum bashi aka ce ka haƙura da wani abu daga ciki, shi suke kira aski. Gwamnati ta ci bashi a waje, ta ci a gida. Da ta kasa biya, manyan waje suka ce ba za su sassauta ba sai ta fara sassauta wa kanta a gida. A gida kuwa bashin su wa ta ci? Irin su Yaya. Duk abin da ya tara a tuƙi, banki ya ba shi shawara ya ranta wa gwamnati, wai ita ba ta mutuwa, ba ta gudu. "Gaskiya suka faɗa," in ji shi. "Ba ta mutu ba, ba ta gudu ba. Tana nan, ta ce ba ta da shi." An rage ribar, an tura biyan gaba can da nisa, kayan masarufi kuma kullum suna hawa.

Baba Mensa ya ce, "Da farko ma cewa aka yi ba aski ba ne, gyaran fuska ne."

Ni kuwa baki bai san wuri ba. Na gyara zama irin na majalisa na ce, ai ni kullum ra'ayina a yafe wa ƙasashen nan bashi kowa ya huta. Yaya ya ajiye cokali. Ya ce, "To, ga mai bin bashin a gabanka, Sale. Gaya masa ya yafe." Duk shekarun da na yi ina wannan magana, wani ƙaton Bature mai tumbi nake gani a raina. Ban taɓa kawo tsoho mai ciwon baya da tabarma ɗaya a ɗaki ba.

Suka ci gaba da musu a tsakaninsu, da alama sun saba. Yaya ya ce manyan waje su ya kamata su yafe, don sun san halin wanda suke ba wa suka ba shi, sun kuma ci riba har sun gaji. Baba Mensa ya ce an taɓa yafewa a baya, aka yi biki, kafin a kwashe kujerun bikin an ciwo sabo. Shi ba ya ƙin yafiya, in dai za a bar asibiti da magani, makaranta da malami. Abin da ke ci masa rai, yafiya roƙonta ake yi, ba a ƙwace ta. "Kuma waɗanda suka ci kuɗin," in ji shi, "ga su can da suma har kafaɗa, ba wanda ya nuna musu aska." Ni dai na tuna labaran rancen da Malam Bukar ke jiyo mana a rediyo kusan kowane wata, na shafa gemuna.

Da baƙo ya tafi na isar da saƙon Inna. Yaya ya girgiza kai. Ya ce da wane ido zai shiga Chinade? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cika baki da siminti, ya sauka daga acaɓa da jaka ɗaya? Sai an biya shi tukuna. Na tambaye shi yaushe. Ya faɗi shekarar da aka sa musu. Na lissafa shekarun Inna a raina, sai na ji wani abu ya taso min. Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

"Yaya, ka yi min afuwa, amma wannan ba kunya ba ce, girman kai ne! Matar nan ba ta gani. Ko siminti ka gina ko laka, duk duhu ɗaya ne a wurinta. Gwamnati ta ce ka jira, kai ma ka ce Inna ta jira. Ita wa za ta ce wa ya jira? Mala'ika?"

Kwana biyu ba ya yi min magana sai gaisuwa. A rana ta uku da safe na ga bai ɗaura jan ƙyallen ba. Ya tafi gidan babbar 'yarsa ya damƙa mata takardun bankin, ya dawo ya ce, "Kuɗin mota fa? Ni ba ni da shi, kai ma na ga alama."

Nan zabira ta yi ranarta. Dattawan zango suka ji an samu wanzamin gida na gaske, suka yi ta zuwa, har suna biyu na yi, da kason nama cikakke. Baba Mensa ma ya zo ya zauna a tabarma. Na ce, "Ranka ya daɗe, in fara?" Ya rufe ido ya ce, "Fara. Kai kaɗai ne ka tambaye ni."

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai a iyakar ƙarshe sun karɓe askar da ta rage. Da muka wuce Jama'are Yaya ya fara tambayata mutane, wane yana nan? Wance fa? Yawanci amsar ɗaya ce, sai ya daina tambaya. A Azare muka hau acaɓa biyu, muka isa Chinade bayan Azahar.

Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta na laka. Tun daga sallama ta ɗaga kai. Yaya ya ajiye jaka, ya durƙusa a gabanta. "Inna, ni ne Habu. Na dawo hannu wofi. Ki yafe min."

Ta miƙo hannu ta laluba fuskarsa, goshi, kunci, gemu. Ta daɗe tana shafawa. Matan gida sun taru, ana ta sharɓe. Sai ta ce, "Ban yafe ba."

Ba ƙaramar magana ba ce uwa ta faɗi haka.

Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe gam. "In na yafe, gobe ka ce mun rabu lafiya, ka kama hanya. Hannunka ban tambaya ba, wofi ko cike. Shekaruna ka ɗauka, ina binka. Nan za ka zauna ka biya, kullum da safe ka zo ka ce min ina kwana, har su cika ko in mutu."

Yaya ya kifa kai a gwiwarta, yana dariya yana kuka, tsoho da furfurarsa. Ta yi nuni da ɗaya hannun a kawo masa ruwa, don ba ta saki wancan ba.

Yana can Chinade yanzu, a ɗakin da ke kusa da nata. Kullum kafin rana ta fito yana bakin ƙofarta, kuma har yau ban ji ya yi fashi ba.